Tambayoyinku: Wace manhaja zan sa a asibitina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni likita ne, ina da ƙaramin asibiti mai gado 14 a Gusau. Mu biyu ne likitoci, sai ma'aikatan jinya, da ɗakin gwaji da ɗakin magani. A rana mukan ga mutum 50 zuwa 70, Litinin kan fi haka. Har yanzu da kati da littafi muke aiki. Kati na ɓacewa, lissafin ɗakin magani ba ya cika a ƙarshen wata, kamfanonin inshora kuma na yawan dawo mana da takardun neman biya. An kawo mini shawara uku. Wani kamfani daga Legas yana da manhajar da ke kan intanet, a riƙa biya duk wata. Wani matashi a nan garin ya rubuta tasa, ya ce in biya sau ɗaya ya sa mini a kwamfuta. Ƙanena kuma ya ce kada in kashe ko sisi, akwai na kyauta irin su OpenMRS da Bahmni. Wacce ta fi?
*Likita, daga Gusau*

Amsa: Wa alaikumus salam. Likita, Allah ya ƙara wa asibiti albarka, ya sa a yi ta samun sauƙi a hannunku.

Duk iri ukun nan akwai asibitocin da ke jin daɗinsu, akwai kuma waɗanda suka zuba kuɗi suka dawo wa littafi bayan 'yan watanni. Yawanci tun wajen zaɓe ake samun matsala. Ɗan talla ya zo ofis da laftof, ya buɗe shafi mai launi, ya nuna jadawalin kuɗin shiga yana ta hawa, da marasa lafiya goma na ƙarya waɗanda kowannensu ya san ranar haihuwarsa. Abin ya burge mai asibiti, ya sa hannu. Wannan cinikin biri a sama ne. Ka ce wa kowannensu ya kawo kayansa asibitinka ranar Litinin da safe, lokacin da benci ya cika yara na kuka, ya ajiye a teburin mai ba da kati. Kai da ɗan tallan duk ku koma gefe. Masu taɓa kwamfutar su ne yaron ɗakin kati da kashiya da mai ba da magani, don su za su wuni a kanta.

A fara da sunaye. Ka sa mai kati ya nemo A'isha Muhammad. Ba na shakka kuna da su da dama a kanta. An rubuta wata Aisha, wata Aishatu, wata A'isha. Mijin wata Mohammed, na wata Muhammadu, na wata Moh'd. Bara da sunan mahaifinta ta buɗe kati, bana ta yi aure ta zo da sunan miji. Manhajar da ba ta nemo mutum sai an buga sunansa harafi da harafi yadda aka shigar tun farko, kafin wata shida za ta tara maka fayil uku-uku na mutum ɗaya, kuma bayanin cewa wani magani ba ya karɓarta yana cikin fayil ɗin da ba a buɗe ba. Ana son a iya nema da rabin suna, ko lambar waya, ko unguwa, ko tsohuwar lambar katin da matar ta ƙulle a bakin mayafi. In ana shirin buɗe sabon fayil ga wadda ta yi kama da wata da ke ciki, manhajar ta yi kashedi. In kuma an riga an buɗe biyu, a iya haɗe su.

Daga nan a kawo dattijuwar da ta zo daga ƙauye, wadda in ka tambayi shekarunta za ta ce maka an haife ta shekarar da aka yi fara. In manhajar ta kafe sai an sa rana da wata da shekara, mai kati zai gaji ya riƙa sa wa kowa 1 ga Janairu. Ta kirki tana karɓar "kimanin 60", ta kuma nuna cewa ƙiyasi ne. Sai jaririn da aka haifa daren jiya, wanda ba shi da suna sai an kwana bakwai: a iya buɗe masa fayil da sunan uwa, a liƙa shi da nata, bayan suna a canza ba tare da lambarsa ta canza ba. Sai katin iyali, magidanci ɗaya, mata biyu, 'ya'ya tara, lamba ɗaya. Ka duba ko za a iya tara kuɗin gidan wuri ɗaya alhali bayanin lafiyar kowa yana ware, yadda in an buɗe na amarya ba za a ga na uwargida ba. Manhajojin da aka tsara don wata ƙasa a nan sukan fara tuntuɓe.

Gwaji na biyu kai za ka yi shi da hannunka. Ana tsakar aiki ka je ka kashe na'urar intanet, kada ka gaya wa kowa. Kai mutumin Gusau ba sai an ba ka labari ba: a Satumbar 2021 an rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni sai mutum ya fita jihar kafin ya yi kira. Asibitin da duk bayanansa ke kan intanet a lokacin, ko sunan wanda ke kwance a gado na uku ba zai iya dubawa ba. Kuma ko ba rufewa, ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka yi ta fama a Najeriya. Balle ranakun da sabis ke ɗaukewa haka kawai, ko data ta ƙare ƙarfe biyun dare.

Kowane ɗan talla zai ce maka tasa tana aiki ba intanet, amma maganar iri biyu ce. Akwai wadda gaba ɗayanta tana zaune a babbar kwamfuta guda cikin asibitin, sauran kwamfutocin suna haɗe da ita ta waya ko wayifai na cikin gida. Wannan ko an rufe sabis shekara guda aiki na tafiya. Akwai kuma wadda kowace na'ura ke riƙe abin da aka buga mata har sabis ya dawo ta tura. A irin wannan, kai ka rubuta magani a ɗakinka, mai ba da magani bai gani ba, kashiya bai san nawa zai karɓa ba. Saboda haka da intanet a kashe, a bi mara lafiya ɗaya tun daga kati, zuwa ɗakin likita, zuwa gwajin jini, zuwa wajen biya, zuwa karɓar magani. Inda layin ya tsinke, ka rubuta.

Ga kuma wuta. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda ba wutar NEPA. Babbar kwamfutar da wuta ke ɗauke mata kwatsam sau biyar a rana, wata rana za ta tashi da bayanai a lalace. Ka ware mata ƙaramar inbata da sola, ita da na'urar wayifai da firintar rasit, kada a jona firij ko tukunyar dafa kayan tiyata a layin. A teburorin aiki laftof ta fi, don tana da batirinta. Ɗakin da za a ajiye babbar kwamfutar ya zama mai iska da makulli. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu sun kashe kwamfutoci fiye da yadda ɓarayi suka sace.

Yanzu maganar da na san ita ta fi ci maka tuwo a ƙwarya, lissafin ɗakin magani. Nan ne manhaja ke mayar da kuɗinta, nan ne kuma nake so ka fi daɗewa a gwaji. Ka sayo magani kwali-kwali, a cikin kwali akwai fakiti, a cikin fakiti akwai kati, kai kuma kana sayarwa ƙwaya-ƙwaya. Ka sa a shigar da kwali ɗaya na farasitamol, a sayar da ƙwaya 18, a duba ko abin da ya rage ya yi daidai ba tare da wani ya ɗauki kalkuleta ba. Kowane kaya da ya shigo a rubuta masa lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi, manhajar ta riƙa tura wanda ya fi kusa da lalacewa gaba, ta kuma nuna maka tun saura wata uku. Kayan da ke fita ba ta teburin magani ba, irin su ruwan ƙari da safar hannu da sirinji da ake ɗauka zuwa ɗakin kwanciya da daddare, su ma su sami inda ake rubuta su. A asibitoci da yawa ta nan giɓin yake.

Sannan ka ce wa kashiya ya yanki rasit na naira 8,000, ya koma ya mayar da shi 3,000, ya yanki wani ya goge shi gaba ɗaya. Ka juya wajen ɗan talla ka ce ya nuna maka wanda ya yi, da ƙarfe nawa, da abin da ke rubuce kafin a canza. In rasit na iya ɓacewa ba alama, to ka bar wannan manhajar komai kyanta, don a littafi ko ba komai ana ganin inda aka yage shafi. Kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa, kowa kuma iya abin da ya shafe shi yake gani: kashiya ba ruwansa da sakamakon gwaji, mai kati ba ruwansa da kuɗin shiga. Na sha shiga asibiti in tarar da kalmar sirri ɗaya a ɗan guntun takarda manne a jikin allon kwamfuta, kowa da ita yake shiga. A irin wannan wuri, ranar da kuɗi suka ɓata sunan mutum ɗaya zai fito, kuma galibi ba shi ya ɗauka ba.

Kada ka manta da "Likita ya ce a rubuta". Asibitin kuɗi a garuruwanmu ba ya rabuwa da bashi da rangwame: ɗan'uwa, limamin unguwa, matar direba, wanda aka kawo da daddare ba ko kwabo a aljihunsa. Ba na cewa ka daina, lada ne. Amma manhajar ta rubuta wanda ya ba da izini, da nawa aka rage, da nawa ya saura, ta fito maka da jimillar a ƙarshen wata. Masu asibiti da yawa ranar da suka fara ganin wannan jimillar ne suke daina zargin kashiya. Haka kuɗin ajiya na wanda aka kwantar, a riƙa cira ana nuna saura. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane sun saba da taransfa da POS, don haka a raba tsabar kuɗi daban, POS daban, taransfa daban, yadda in an tashi aiki za a gwada da abin da ya shiga banki. Ta nan ake kama alat na bogi.

Batun inshora ba zan ja shi ba, ka fi ni sanin ciwonsa. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta maye gurbin tsohon tsarin NHIS, ta kuma mai da inshorar lafiya dole, ga hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi. Masu zuwa da katin inshora ƙaruwa za su yi. Abin dubawa shi ne ko manhajar ta bambance aikin da ke cikin kuɗin da ake biyan ka duk wata bisa kan kowane mai rajista da aikin da sai ka nemi biya daban. Kowane kamfanin inshora (HMO) da jerin farashinsa, a iya shigar da su duka. Aikin da ke buƙatar lambar izini kada ta bari a rufe shi ba lambar, don rashinta na cikin manyan dalilan da ke sa a dawo da takarda. Ta lissafa kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani da ma'aikacin gwamnati ke biya da kansa, ta sa wa cuta lambarta ta ICD, wato lambar da aka ware wa kowace cuta a tsarin duniya, ta kuma nuna maka abin da ka nema, da abin da aka biya, da wanda ya kwana wata uku. Ka tambaya kuma ko tana fitar da alƙaluman rahoton wata-wata da ake kai wa ƙaramar hukuma don shigarwa a DHIS2, manhajar da gwamnati ke tara alƙaluman lafiya a ciki. In tana yi, ka hutar da ma'aikaciyar da ke zama da rajista tana ƙirga masu zazzaɓin cizon sauro da yatsa.

To, mu auna ukun.

Na kamfanin, amfaninsa shi ne akwai mutane a bayansa, ana gyara shi kullum, ajiyar bayanai kuma ba a wuyanka take ba. Akwai kamfanonin gida da suka daɗe a harkar, irin su Helium Health da aka kafa a Legas a 2016, don haka ba sai an je waje ba. Abin tsoro biyu ne: intanet, da farashi. In da dala aka yanka maka, ka tuna kafin tsakiyar Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ke biyan dala 100 a wata ya tashi daga 46,000 zuwa 150,000 ba a ƙara masa komai ba. Ko da naira aka yanka, a rubuta sau nawa za a iya ƙarin kuɗi a shekara da iyakarsa. Ka tambayi ko kuɗin bisa yawan ma'aikata ne ko yawan marasa lafiya, da wanda zai biya kuɗin horarwa, da na saƙon tes, da kuɗin motar wanda zai taso zuwa Gusau in abu ya ƙi gyaruwa ta waya. Ka tara na shekara uku kafin ka gwada da na sauran.

Matashin garinku kada ka raina shi. Yana jin Hausa, ya san katin iyali, in ka kira shi zai zo a babur kafin ka gama shan shayi, in ka ce a ƙara abu zai ƙara. Matsalarsa shi kaɗai ne. Gobe zai sami aiki a Abuja ko karatu a waje, kuma ba mai hana shi. "Biya sau ɗaya" ma ba alheri ba ne gare ka, don wanda ya riga ya karɓe kuɗinsa ba shi da dalilin ɗaga wayarka bayan shekara biyu. Gara ku yi yarjejeniya a rubuce, da ɗan abin da za ka riƙa ba shi duk wata na kulawa, ya ajiye maka kwafin rubutun manhajar da kalmar sirrin rumbun bayanan a ambulan, ya kuma nuna maka mutum na biyu da zai iya riƙewa in ba ya nan. Ka je asibitin da ya yi fiye da shekara yana amfani da ita. In ka je, ka gaisa da mai asibitin, amma kashiya da nas ta dare za ka tambaya.

Na kyauta kuwa gaskiya ƙanenka ya faɗa, akwai su, kuma ba na wasa ba ne. OpenMRS ta faro ne a 2004 daga aikin kula da masu cutar ƙanjamau a Eldoret ta Kenya, da haɗin gwiwar cibiyar Regenstrief da ƙungiyar Partners In Health, kuma a Najeriya ma ana amfani da wani reshenta a shirye-shiryen yaƙi da cutar. Ta ƙware a bayanan jinya, amma kuɗi da kayan ɗakin magani ba su ne asalin aikinta ba. Bahmni ta fi kusa da buƙatarka. Kamfanin ThoughtWorks ne ya gina ta don wani asibitin karkara a jihar Chhattisgarh ta Indiya, ya haɗa OpenMRS da OpenELIS ta ɗakin gwaji da Odoo ta kuɗi da kaya, kuma tana zama a kwamfutar cikin asibiti ba sai da intanet ba. Akwai OpenEMR, amma ɓangaren kuɗinta an ɗinka shi ne a kan tsarin inshorar Amurka. Abin da ke kyauta lasisi ne kawai. Sai an sami wanda ya iya tsarin kwamfuta na Linux ya girka, ya shigar da magungunanka da farashinka, ya gyara fom-fom, ya riƙa sabuntawa. Ka tambayi ƙanen naka, cikin raha, ko shi zai zo ranar da ta ƙi tashi ana tsakar layi. In ya yi dariya ya kau da kai, ka sa kuɗin ma'aikaci a lissafi.

Ko wacce ka ɗauka, akwai abin da ba na yarda a sa hannu sai an gama shi: yadda za ka fita da bayananka ranar da kuka rabu. Tun a lokacin gwaji ka ce a fitar maka da komai, sunaye da zuwa asibiti da sakamakon gwaji da basussuka, a fayil ɗin da Excel ke buɗewa, ka buɗe da kanka ka gani. A rubuta a yarjejeniya cewa bayanan naka ne, fitar da su ba kuɗi, kuma in ka daina biya ba za a kulle ka waje ba, za a bar ka kana dubawa na wasu watanni. Na san asibitin da ya so ya canza, aka ce sai ya biya kafin a ba shi bayanan marasa lafiyarsa, da aka ba shi kuma hotunan shafuka ne da ba sa shiga wata manhaja.

Doka ma a kanka take. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa shugaban asibiti nauyin ajiye bayanan mara lafiya, da rufa sirrinsa, da hana wanda bai da izini kaiwa gare su. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma in aka yi kutse mai hatsari ga mutane, sa'o'i 72 gare ka ka sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Ka san inda kamfanin ke ajiye bayanan, da su wa ke iya buɗewa a cikin ma'aikatansa. In a cikin gida ka ajiye, kullum a kwafa, kwafi ɗaya ya kwana a wajen ginin, kuma lokaci-lokaci a gwada dawo da shi a wata kwamfuta, don kwafin da ba a taɓa buɗewa ba ba a san ko akwai abu a ciki ba. A Mayun 2017 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta shiga kwamfutocin asibitocin gwamnatin Ingila, aka soke ganin likita kusan 19,000. Mu a nan ta filas ɗin da aka ɗauro fim da shi take shigowa, ko wayar da aka jona a babbar kwamfuta don caji. Ka hana duka biyun.

Wajen farawa, kada a kunna komai rana ɗaya. Kati da kashiya da ɗakin magani tukuna, sai ɗakin gwaji, rubutun likita a ƙarshe, don mu duka mun san likitan da ke ganin mutum 40 ba zai zauna yana neman harafi da yatsa biyu ba. Tsofaffin fayiloli kada a zauna buga su duka. Duk wanda ya zo a shigar da shi ranar, da tsohuwar lambarsa da cututtukan da yake fama da su da magungunan da ba sa karɓarsa. A ƙirga kayan ɗakin magani ƙwaya-ƙwaya daren da za a fara. A bar fom na takarda a aljihun tebur don ranar da komai ya tsaya.

Da ni ne a Gusau, ba zan ɗauki wadda ba ta zama a cikin asibiti ba. Zan fara tambayar kamfanin ko suna girkawa a gida ta riƙa tura kwafi in sabis ya samu. In suna yi, kuma sun ci gwajin rasit da na fitar da bayanai, su zan ba. In ba sa yi, zan kira matashin nan in tambaye shi ko zai iya girka Bahmni ya kula da ita a kan albashi, don ko ya tafi akwai wasu da suka san ta.

Tambaya: Malam, ni ungozoma ce, ina da ɗakin haihuwa a Kano. An ce manhaja na iya tura wa mata saƙon tuni na awo da rigakafi. Yana da amfani?
*Hajiya, daga Kano*

Amsa: Yana da amfani ƙwarai, Hajiya, musamman rigakafin mako 6 da 10 da 14, da na wata 9 wanda aka fi mantawa. Sai dai ki fara tambayar kowace mace lambar wa ta ba ki. Sau da yawa ta maigida ce, ko ta ɗan kishiya, ko ta maƙwabciya. Saboda haka saƙon kada ya wuce "ana tunatar da ke zuwa asibiti ranar Talata". Sakamakon gwaji, ko maganar tazarar haihuwa, ko ma cikin da bai fito ba, ba a sa su a tes. A sa wuri a fom inda za ta ce ta yarda a turo ko ba ta yarda ba.

Ga wani ɗan abu da zai rage miki kuɗi. Saƙon tes ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa ko guda, irin ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku a lissafi. Ki sa a gwada tura wa ƙaramar waya mai madannai a gani, don wasu ma akwati-akwati suke nunawa a madadin haruffan. Matan da ba sa karatu kuwa, ki sa manhajar ta fitar da sunayen waɗanda ranarsu ta wuce, wata daga cikin yaranki ta kira su.

Tambaya: Mu ɗaki biyu ne, mutum 10 zuwa 15 muke gani a rana. Dole sai mun sayi manhaja?
*Jami'in lafiya, daga Azare*

Amsa: Ba dole ba ne, Malam. A wannan yawan, kati mai lamba a jere, da littafin da ke nuna suna da unguwa da lambar kati, da littafin kuɗi da ake rufewa kullum da yamma sun wadatar. In kana da laftof, ka buɗe Excel don kayan magani da ranakun ƙarewarsu, ka sa mata kalmar sirri, ka riƙa kwafa duk Juma'a. Ka dai tabbata kowane mutum lamba ɗaya gare shi ba a maimaita ta, don ranar da kuka girma kuka sayi manhaja da waɗannan lambobin za a fara.